Uku Ko Huɗu

A farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi ɓatan dabo bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, akawun makarantun kuɗi na cikin waɗanda suka fi kowa jin jiki. Da can uba zai zo da kuɗinsa a aljihu, a ƙirga a gabansa, a yanka masa rasit, shi ke nan. Da tsabar kuɗi ta gagara, kowa ya koma tiransifa. Wannan ya tura daga asusun matarsa, wancan daga wurin mai POS na bakin titi, sunan da zai fito a alat ba na uban ba ne, ba kuma na yaron ba. Wani ya turo hoton rasit ta WhatsApp alhali kuɗin sun maƙale a hanya. A wata makarantar nazare da firamare da ke nan cikin Abakpa, ta ɓangaren Unguwar Shanu, akawun dattijo ne mai ƙaton littafi da biro ja da shuɗi, kuma a wancan zangon littafin nasa ya cika da kibiyoyi da alamun tambaya.

Hajiya mai makarantar ƙawar mahaifiyata ce, a gabanta na girma. Ta san ina da shagon buga takardu da gyaran kwamfuta, ta kuma ji 'yan unguwa suna ce mini Injiniya, sunan da ban taɓa hana kowa faɗa ba duk da babu takardar da ta ba ni shi. Ta kira ni ta ce, "Ɗana, ka yi mana abin nan na kwamfuta da za mu riƙa sanin wanda ya biya da wanda bai biya ba." Kafin ta rufe baki na ce an gama.

Kuma a gaskiya na yi aikin. Na kafa musu rumbun bayanai da MySQL, na kwashe tsofaffin sunayen da ke cikin Excel na zuba, har da na yaran da suka gama suka tafi, na yi shafin da za a riƙa shigar da biya. Ga wanda bai saba ba, rumbun bayanai irin wannan jadawali ne kawai, layi-layi, kowane yaro da layinsa, kowane layi da gurabensa: suna, aji, lambar wayar uba ko uwa, da sauransu. Wani masanin kamfanin IBM mai suna Edgar Codd ne ya shimfiɗa wannan tsari a 1970, abokan aikinsa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka ƙirƙiro harshen da ake yi wa jadawalin tambaya da shi, wanda ya zama SQL. Kana son wasu layuka, sai ka gindaya sharaɗi, na'ura ta bi layi ɗaya bayan ɗaya tana auna shi da sharaɗin. Wanda ya cika ta miƙo maka, wanda bai cika ba ta bar shi.

Na ware gurbi guda na kira shi matsayi. Lamba 1 na wanda ya biya duka, 2 na wanda aka yafe wa, 3 na wanda ya biya wani abu da saura, 4 na wanda bai ba da ko sisi ba. Masu lamba 2 yawancinsu marayu ne. Hajiya ta daɗe tana ɗauke musu kuɗin makaranta a asirce, ba ta so ko malaman aji su sani, balle yara su riƙa yi wa juna gori. Sai wani gurbin, yana_nan, mai 1 ga ɗalibin da ke makarantar har yanzu, sifili ga wanda ya tafi.

A nan ya kamata in faɗi yadda na ɗauki Malam Akawu. Ina gaishe shi da ladabi, ina rusunawa, amma a zuciyata na riga na yi masa ritaya. Duk lokacin da na ga ya shigar da biya a kwamfuta sannan ya jawo littafinsa ya sake rubutawa da hannu, sai in yi murmushi irin na wanda ya ga mutum yana kunna fitila da rana. Har na taɓa ce masa, "Baba, wannan wahala biyu ce, na'ura ba ta mantuwa." Ya ce, "Haka ne, Injiniya," ya ci gaba da rubutunsa.

Zangon farko na sabuwar shekarar karatu, wajen Satumba da Oktoba na 2023, ya zo da tsanani. An cire tallafin fetur tun ranar 29 ga Mayu, kuɗin Keke Napep ya tashi, kwanon masara ya tashi, malamai na neman ƙari, iyaye kuma na biya da guntu-guntu. Wata ranar Alhamis Hajiya ta ce ba ta da abin biyan albashi. A da takarda ake ba yara su kai gida, yaro kuwa in ya ga takardar bashi sai ya yi jirgi da ita. Na ce ai wannan zamanin ya wuce, zan tura saƙon tes kai tsaye zuwa wayoyin iyaye a daren nan. Ta faɗi abin da za a rubuta: ana tunatar da ku akwai sauran kuɗin makaranta a kanku, duk yaron da ba a kammala biya masa ba zuwa Litinin zai koma gida. Ta ƙara da cewa, "Masu saura da waɗanda ba su biya ba kaɗai. Ka kula mini da marayuna." Na ce, "Haba Hajiya, ai lambarsu daban."

Bayan sallar isha'i na zauna a shago, babu wuta, batirin kwamfuta na ta raguwa. A raina na ce, waɗanda suke makarantar, kuma matsayinsu uku ko huɗu. Yadda na faɗa a raina haka yatsuna suka rubuta:

WHERE yana_nan = 1 AND matsayi = 3 OR 4

Na'ura ba ta yi ƙorafi ba. Kuma kada a ce ban gwada ba, na gwada. Na jera sakamakon daga babbar lamba zuwa ƙarama, shafin farko na phpMyAdmin, manhajar da nake leƙa rumbun da ita, ya nuna mini layi 25, duka masu lamba 4. Na nemi sunan wani mutum da duk unguwa ta san ba ya biyan bashi, na gan shi. Na nemi na wata da na san ta biya rabi, na gan ta. A saman shafin, cikin wani ɗan layi, an rubuta jimlar layukan da sharaɗina ya kwaso. Idona ya bi ta kai bai tsaya ba. Na kwashe lambobin waya na zuba a shafin masu tura saƙo da yawa, na ga kuɗin da aka cire sun ɗan fi abin da na zata, na ce a raina lallai mutane sun ci bashi bana. Na danna, na kulle shago, na sayi tsire a hanya.

Washegari Juma'a, kiran Hajiya ne ya tashe ni. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ko da na isa, bakin ofis ya cika, kowa da waya a hannu ɗaya, rasit a ɗayan. Wani tsohon soja, irin waɗanda suka yi ritaya suka zauna a Abakpa, yana ta buga rasit ɗinsa a kan tebur yana tambaya ko makarantar ta koma damfara ne. Malam Akawu na zaune a tsakiya yana buɗe littafi, yana nuna wa kowa sunansa da jan biro, yana ba da haƙuri a kan laifin da bai san asalinsa ba.

Abin da na yi a lokacin shi ne ya fi kuskuren kansa muni. Na ja Hajiya gefe, ba can nesa ba, inda Malam zai iya ji, na ce, "Hajiya, na'ura abin da aka ba ta shi take bayarwa. In an karɓi kuɗi ba a canza lamba ba, ba laifinta ba ne." Ban ambaci suna ba, amma mutum ɗaya ne ke shigar da biya a makarantar. Malam ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, bai ce komai ba, ya juya shafi. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na dattijo.

Sai wata mata ta shigo, ba ta cikin masu hayaniya. Ta tsaya a bakin ƙofa har aka ragu, sannan ta matso ta durƙusa gaban Hajiya, ta kwance bakin mayafinta ta fito da kuɗi a ƙudundune. Ta ce ta ga saƙo cikin dare, ta fahimci abubuwa sun yi wuya, ba ta ga laifin kowa ba, ga abin da ta samu aro da asuba, a taimaka a bar yaran zuwa ƙarshen wata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu masu lamba 2 ne. Duk wanda ke ofishin ya ji, wato asirin da Hajiya ta yi shekaru tana rufewa ya tonu a gaban maƙwabta. Hajiya ta naɗe kuɗin ta mayar mata cikin mayafi, ta juyo ta kalle ni.

Ko a nan ban sallama ba. Zuciyata ta ce wataƙila Malam ya taɓa lambarsu bisa kuskure. Abin da ya karya ni kiran waya ne. Wani uba ya bugo yana dariya, ya ce a gaya wa Hajiya 'yarsa ta gama aji shida tun shekara biyu da suka wuce, yanzu tana sakandaren kwana a Zariya, in za a kore ta ranar Litinin sai a shirya kuɗin mota. Mutane suka yi dariya. Ni kuwa sai na ji wani sanyi ya sauko mini tun daga ƙeya. Layin yarinyar nan ni na shigar da shi da hannuna, ni na sa mata sifili, kuma shafin da Malam ke aiki da shi ba ya ma nuna waɗanda suka tafi. Babu ta yadda hannunsa zai kai wurin.

Na buɗe kwamfuta a kan bencin 'yan nazare, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Na sake gudanar da umarnin jiya, wannan karon na karanta ɗan layin nan na sama. Sannan na goge sharaɗin gaba ɗaya na ce a ƙirgo mini duk abin da ke cikin jadawalin. Lamba ɗaya ce ta fito. Da sharaɗina da babu sharaɗi duk ɗaya ne. Na koma na zuba wa layin ido, ina karanta shi a hankali, kuma abin mamaki, sau na farko da na biyu daidai nake ganinsa. Uku ko huɗu, to mene ne laifinsa? Sai da na sa yatsa na rufe rabin farko, abin da ya rage a fili shi ne OR 4, shi kaɗai, babu abin da ake gwada shi da shi. Huɗun me? Ni na san huɗun matsayi nake nufi, amma ban rubuta ba. A bayana ina jin muryar Malam yana ce wa wani, "Ka yi haƙuri, Alhaji, kuskure ne daga wurinmu." Daga wurinmu, in ji shi, bayan abin da na faɗa a kansa rabin sa'a da ta wuce.

Ga yadda na'urar ta karanta. Mu mutane in muna magana muna taƙaitawa, mai sauraro ya cike giɓin da hankalinsa. OR ba ya cike giɓi. Yana son cikakkiyar magana a damansa, cikakkiya a hagunsa, kowace a iya ce mata gaskiya ko ƙarya, in ɗaya ta zama gaskiya layi ya wuce. A hagu na ba shi tambaya sosai. A dama na ba shi lamba tsirara. MySQL kuwa, kamar harshen C da 'yan'uwansa, yana ɗaukar sifili a matsayin ƙarya, duk wata lamba da ba sifili ba gaskiya. Huɗu ba sifili ba ce, don haka gefen dama gaskiya ne a kan kowane layi, har abada. Sannan AND yana riga OR ɗaurewa, kamar yadda sau ke riga tarawa a lissafi. Saboda haka yana_nan = 1 ya haɗe da matsayi = 3 suka zama dunƙule guda a hagu, huɗun ta tsaya a dama ta rinjaye su duka. Ta nan 'yar Zariya ta shigo. Abin da ya kamata in rubuta kusan tsawonsa ɗaya da wancan:

WHERE yana_nan = 1 AND matsayi IN (3, 4)

Daga baya na so in sauke wa MySQL wani kaso na laifin, kuma akwai ɗan abin kamawa. Da PostgreSQL nake amfani da shi da ya ƙi karɓar umarnin, ya ce abin da ke gefen OR dole ya zama gaskiya ko ƙarya, ba lamba ba. SQL Server ma da ya tsayar da ni. MySQL da SQLite su ne masu kawaici, su karɓa su yi shiru. Da kuma kalmomi na sa maimakon lambobi, misali 'rabi' da 'bashi', da abin ya juya ta ɗaya gefen: MySQL zai mayar da kalmar tsirara sifili, gefen dama ya zama ƙarya, saƙo ya tafi ga masu rabi kaɗai, manyan masu bashi su kwana lafiya, ba kuma wanda zai zo ofis ya kai ƙara. Wataƙila da har yau ban sani ba. Masu rubuta Python da PHP da JavaScript ma suna faɗawa wannan ramin, kuma ba 'yan koyo kaɗai ba.

Amma wannan uzurin bai kai ni ko'ina ba, domin na san ƙa'idar. Da wani yaro ya kawo mini layin nan a shago ya ce in duba masa, da na gano kafin ya zauna. Inda na faɗi shi ne wajen gwaji. Na tambayi sharaɗina ko ya kamo waɗanda nake so, ya ce e. Ban tambaye shi ko ya bar waɗanda ba na so ba. Mai gwada rariya da ganin ko gari na zuba zai yaba har da wadda ragarta ta yage gaba ɗaya, ai dusar da ta tsaya a sama ita ce shaida. Suna ɗaya na maraya da na nema a cikin sakamakon, aikin daƙiƙa goma, da matar nan ba ta fita neman aro da asuba ba. Kuɗin saƙon da suka fi zatona ma gargaɗi ne, na juya shi ya zama hujjar cewa na yi daidai. Mutum in ya riga ya yarda da kansa, duk abin da ya gani sai ya zama mai ba shi gaskiya.

Na tashi na je gaban teburin Malam na ce, a gaban Hajiya da sauran iyayen da suka rage, "Baba, ni ne. Lambobinka daidai suke. Ka yafe mini." Ya ce, "Allah ya yafe mana," ya matsa mini kujera. Na fi son ya zage ni.

Saura saƙon ban haƙuri, wanda za a tura wa duk wanda ba ya cikin masu bashi, a ce masa babu komai a kansa. Na waɗanda suka tafi mai sauƙi ne. Na waɗanda ke nan kuwa, ina rawar jiki in wanke kaina kafin a tafi masallaci, na ce a raina, wanda ba uku ko huɗu ba. Yanzu na yi hankali, kowane gefe na ba shi cikakkiyar tambaya, har da baka na sa don AND kada ya sake yi mini fashi:

WHERE yana_nan = 1 AND (matsayi <> 3 OR matsayi <> 4)

Na duba jimla, ta gaza adadin ɗalibai da ɗan kaɗan. To, ba duka ba ne, alhamdu lillahi. Na karanto lambar da ƙarfi don a ji na koyi darasi. Malam ya cire tabarau ya ce, "Injiniya, ashe duk makarantar nan masu bashi ba su kai goma ba? To me ya hana albashi?"

Na sake kallo. Mai lamba 3 ba 4 ba ne, ya wuce. Mai lamba 4 ba 3 ba ne, ya wuce. Babu lambar da za ta zama uku kuma huɗu lokaci guda, don haka babu wanda sharaɗin zai tare. Saura ƙiris in aika wa kowane mai bashi shaida a rubuce cewa makaranta ba ta bin sa komai, kuma wasu iyayen da na sani da sun adana saƙon nan fiye da takardar fili. Ƙa'idar da na taka tana ɗauke da sunan Augustus De Morgan, malamin lissafi a Landan, wanda ya wallafa littafinsa na mantiƙi a 1847, shekarar da George Boole ya fitar da nasa na farko. Abin da take cewa gajere ne: in za ka kore "wannan ko wancan", to sai ka ce ba wannan ba KUMA ba wancan ba. OR ya koma AND. Ko kuma a rubuta NOT IN (3, 4) a huta.

Na gyara. Malam ya ce kafin a tura komai a haɗa masu bashi da marasa bashi a gani ko za su ba da adadin yaran da ke littafinsa. Ba su bayar ba, akwai 'yan kaɗan da suka ɓace, daidai giɓin da ya kusa ruɗa ni ɗazu. Ya buɗe bayan littafin ya karanto su: sababbin shiga ne, an rubuta sunayensu ba a cike gurbin matsayi ba tukuna. Gurbin da babu komai a cikinsa SQL na kiransa NULL, kuma ba sifili ba ne, ma'anarsa ba a sani ba. Ka tambaya ko abin da ba a sani ba daidai yake da uku, amsa ba a sani ba. Ka tambaya ko ya bambanta da uku, nan ma ba a sani ba. WHERE kuwa gaskiya tsantsa kaɗai yake bari ta wuce, don haka IN bai kamo su ba, NOT IN ma bai kamo su ba. Sai an neme su da IS NULL. Saƙon daren jiya dai ya same su, domin huɗun nan tawa ba ta bar kowa ba, wato farkon abin da iyayensu suka samu daga sabuwar makarantar 'ya'yansu shi ne barazanar kora. Waɗannan Hajiya ta ce ba tes za a yi musu ba, ita za ta kira su ɗaya bayan ɗaya.

Kuɗin saƙonnin biyu daga cikin ladana aka cire, ban ce uffan ba. Gidan matar nan mahaifiyata ce ta raka ni, ita ta yi maganar, ni ina durƙushe a zaure. Hajiya ba ta ƙwace aikin daga hannuna ba, amma ta kafa doka: duk jerin da za a tura wa saƙo sai an buga shi a takarda, Malam Akawu ya bi shi da jan biro yana gwadawa da littafinsa, ya sa hannu a ƙasa. Ni ke buga takardar a shagona, kyauta, in kai masa ofis in tsaya har ya gama.